Holan da Fotugal: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yaƙin da Suka Shafe Shekara Sittin Suna Yi a Teku

Ƙasashe ne biyu ƙanana a Turai, a wancan lokacin kowacce mutanenta ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai zuwa miliyan biyu ba, amma daga wajen 1600 har 1663 sun yi ta gwabzawa a Indiya, Indunusiya, gaɓar Sin, Ghana, Angola da Burazil. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wai me ya haɗa su faɗa tun farko, alhali ba maƙwabta ba ne?

Da fa abokan ciniki ne. Tun da Vasco da Gama ya zagaya ƙasan Afirka ya isa Kalikut a Indiya a 1498, 'yan Fotugal ne ke kawo kayan yaji daga gabas ta ruwa su sauke a Lisbon, su kuma 'yan Holan su zo da jiragensu su sara su rarraba a arewacin Turai, kamar dai yadda ɗan kasuwa zai sauke kaya a Dawanau 'yan sari su kwasa su shiga ƙauyuka. Kowa na cin ribarsa ba rigima.

Toh sai Sarki Sebastiyan na Fotugal ya kai yaƙi Maroko a 1578 aka kashe shi a can kuma bai bar ɗa ba, dattijon da ya gaje shi ya mutu a 1580, shi kenan Sarki Filib na biyu na Sifen ya haye gadon sarautar Fotugal ya haɗa ƙasashen biyu a hannunsa. Su kuwa 'yan Holan tun 1568 suke yaƙin ɓallewa daga mulkin wannan Filib ɗin. Ka ga kenan dare ɗaya Fotugal ta zama gidan abokin gaba. Sifen ta riƙa rufe wa jiragen Holan tashoshi tana kama su, an yi a 1585 an sake yi a 1598, sai 'yan kasuwar Amsterdam suka ce tunda an hana mu saye a Lisbon bari mu je inda ake noma abin da kanmu.

Wane kaya ne haka da har za a mutu a kansa?

Masoro irin na Indiya, kanumfari, kirfa da gyaɗar ƙamshi. Yau abu ne da za ka saya da canjin aljihunka, amma a lokacin kanumfari a 'yan tsibiran Maluku kawai yake fitowa, gyaɗar ƙamshi a tsibiran Banda kawai, kirfa mai kyau kuma sai Silon, wato Siri Lanka ta yanzu. Wanda ya riƙe waɗannan wuraren shi ke yanka farashi yadda ya so. Banda su akwai alharini da tangaran na Sin, azurfar Jafan, zinaren gaɓar Ghana, sannan daga baya sukarin Burazil da bayin da ke noma raken.

Ya akai 'yan Holan suka san hanya, ba ɓoye ta Fotugal ta yi ba?

Ta ɓoye kam, taswirorin hanya sirrin gwamnati ne. Amma wani ɗan Holan mai suna Jan Huyghen van Linschoten ya yi aiki a Gowa, cibiyar Fotugal a Indiya, a matsayin magatakardan babban limamin coci na can, ya ga takardu ya ji hirar matuƙa jirgi, da ya koma gida ya buga littafi a 1595 da 1596 da bayanin hanyoyi, iskoki, tashoshi, har da inda 'yan Fotugal ke da rauni.

Ayarin farko na Cornelis de Houtman ya tashi a 1595 da jirage huɗu da mutum kusan 250, suka isa Bantam a tsibirin Java, suka dawo a 1597 da jirage uku da mutanen da ba su kai 100 ba. Yawanci cuta ce ta cinye su, musamman wadda ke ruɓar da dasashi saboda rashin ɗanyen abinci a teku. Riba ba ta taka kara ta karya ba amma an gane cewa hanyar na biyuwa, kan ka ce me kamfanoni sun ɓarke kowa na tura jirgi.

Mene ne VOC da WIC da ake ta ambata?

Da kamfanonin suka yi yawa suka fara karya wa juna farashi sai gwamnatin Holan ta tilasta musu haɗewa a 1602, aka samu kamfanin gabashin Indiya da ake taƙaita sunansa VOC. Jarinsa na farko ya haura gilda (kuɗin Holan) miliyan 6, jama'a suka sayi hannun jari, daraktoci 17 ke juya shi. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne takardar da gwamnati ta ba shi ta yarje masa ya ɗauki soja, ya gina sansani, ya ƙulla yarjejeniya da sarakuna, ya yi yaƙi. Wato kamfani ne mai igwa. A 1619 Jan Pieterszoon Coen ya kafa masa hedkwata a Bataviya, inda Jakarta take yanzu.

WIC kuma ƙaninsa ne, an kafa shi a 1621 dan ɓangaren Atlantika, wato yammacin Afirka da nahiyar Amurka, kuma shi tun asali dan yaƙi da kwasar ganima aka yi shi fiye da dan ciniki.

Fotugal ba haka tsarinta yake ba. Komai na sarki ne, mataimakin sarki na zaune a Gowa, ana naɗa 'ya'yan manya kyaftin na sansani na shekara uku kowa na ƙoƙarin ya cika aljihunsa kafin wa'adinsa ya ƙare, ga sansanoni birjik daga Mozambik har Makawo ta gaɓar Sin kowanne da 'yan tsirarun sojoji.

Da gaske ne satar jirgi ɗaya ta haifar da dokar teku?

Kusan haka ne. A Fabrairun 1603 Jacob van Heemskerck ya kama wani katafaren jirgin Fotugal mai suna Santa Katarina kusa da Singafo, maƙare da alharini da tangaran daga Makawo. Da aka yi gwanjon kayan a Amsterdam kuɗin ya haura gilda miliyan 3, kusan rabin jarin VOC gaba ɗaya daga jirgi guda. Wasu masu hannun jari suka ce wannan ai fashi ne, sai kamfanin ya nemi wani matashin lauya Hugo Grotius ya rubuta masa kariya. Wani babi daga rubutun ya fito a 1609 da sunan Mare Liberum, hujjarsa ita ce teku ba mallakar kowa ba ce, kowa na da ikon bi ya yi ciniki. Da ma Fotugal na cewa yarjejeniyar Tordesilas ta 1494 da ta yi da Sifen ta ba ta gabas, har tana tilasta wa jiragen Larabawa da Indiyawa sayen takardar izini kafin su wuce.

Hujjar ta yi kyau kuma har yau ana karanta ta, amma ni abin da ke min ciwo shi ne su masu kiran 'yancin teku ɗin da suka samu ƙarfi sun fi kowa rufe ta. A 1621 Coen ya afka wa mutanen Banda saboda suna sayar wa wasu gyaɗar ƙamshi, aka kashe da yawa aka kwashe wasu bayi har tsibiran suka kusa zama kufai, aka kawo bayi daga wasu wurare su yi noman.

Ya yaƙin ya kasance a Asiya?

A hankali aka yi ta yagar Fotugal. Ambon ta Indunusiya ta faɗi a 1605 kusan ba harbi. Amma kar a ɗauka 'yan Holan na zuwa suna ci kawai, sun sha kashi sosai a farko, sun kewaye Malaka (a Malesiya ta yanzu) a 1606 ba su ci ba, sun gwada tsibirin Mozambik a 1607 da 1608 ba su ci ba, sun kai hari Makawo a 1622 aka fatattake su.

Daga wajen 1636 ne suka canza dabara, duk shekara su jibge jirage a bakin Gowa lokacin da ya kamata jiragen Lisbon su shiga ko su fita, suka shaƙe ta. Malaka, wadda kwamandan Fotugal Albukerke ya ci tun 1511 kuma ita ce maƙogwaron hanyar Sin, ta faɗi a Janairun 1641 bayan wata biyar ana kewaye da ita, yunwa da annoba sun kashe mutane a ciki da waje. A Silon sun ci Gale a 1640, Kolombo a 1656, Jafna a 1658. Sai gaɓar Malabar ta Indiya inda masoro yake, Kocin da Kananor suka faɗi a 1663.

Jafan kuma ba da igwa aka kori Fotugal ba. Mahukuntan ƙasar sun tsorata da yaɗuwar Kiristanci ta hannun limaman Katolika, bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638 sai suka kori 'yan Fotugal kwata-kwata a 1639. 'Yan Holan da suka nuna su ciniki kawai ya kawo su, har jirginsu ya taya harbin 'yan tawayen, su aka bari, aka killace su a ɗan tsibirin Dejima daga 1641, su kaɗai ne Turawan da ke ciniki da Jafan har sama da shekara 200.

Su mutanen ƙasashen zuba ido kawai sukai?

Ina! Wannan ne ma wurin da aka fi yi wa tarihin nan kuskure, a riƙa ba da shi kamar Turawa biyu ne kawai a fili. Babu wani babban gari da ya faɗi ba da hannun 'yan ƙasa ba. Malaka da taimakon Sarkin Johor aka ci ta, kuma gidan sarautar Johor zuriyar sarakunan Malaka ne da Fotugal ta kora. A Silon Sarki Rajasinha na biyu na Kandi ne ya gayyato 'yan Holan a 1638 su taya shi korar Fotugal, da suka ci garuruwan sai suka ƙi ba shi suka ce sai ya biya kuɗin yaƙi, har mutanen can na da karin magana a kai cewa sun ba da citta sun karɓi barkono.

Wasu wuraren ma ba Holan ce ta karɓe ba. Hormuz da ke bakin tekun Fasha, Shah Abbas na Farisa ne ya ƙwace ta a 1622 da taimakon jiragen Ingila, Maskat kuma Larabawan Oman ne suka kori Fotugal daga cikinta a 1650, daga baya ma suka bi su har Mombasa suka karɓe a 1698.

Me ya faru a Elmina ta Ghana?

Fotugal ta gina gidan sansani na Elmina tun 1482 saboda zinaren ƙasar Akan, wanda a da 'yan kasuwar Wangara ke ɗauka su yi arewa da shi. Daga wajen 1590 jiragen Holan suka fara zuwa da yadi da tasoshin tagulla da ƙarfe masu araha fiye da na Fotugal, mutanen gaɓa suka koma saye a wurinsu, a 1612 suka gina nasu sansanin a Mori, ba nisa.

A 1625 suka zo da soja sama da dubu dan su ƙwace Elmina. 'Yan Fotugal da ke ciki ba su da yawa, amma mayaƙan garin Elmina suka yi musu kwanton ɓauna suna cikin hutawa saboda zafin rana, aka kashe ɗaruruwa. A 1637 suka dawo, wannan karon daga Burazil aka turo jiragen kuma sun riga sun shirya da wasu masarautun da ke kewaye, suka kama tudun Santiyago da ke kallon gidan suka hau da igwa suka riƙa ruwan wuta daga sama, cikin 'yan kwanaki a watan Agusta aka miƙa wuya. Aksim ta biyo baya a 1642. Elmina ta zauna a hannun Holan har 1872 da suka bar wa Ingila, kuma a hannunsu ɗakunan ajiyar kaya na ƙasa suka cika da bayin da ake jiran jirgi ya kwasa.

Toh me ya kai 'yan Holan Burazil?

Sukari. Arewa maso gabashin Burazil ita ce ta fi ko'ina noman rake a lokacin. WIC ta kama Salvador babban birnin a 1624, shekara na zagayowa Sifen da Fotugal suka turo jirage sama da 50 suka ƙwace. Kamfanin ya kusa durƙushewa sai Piet Hein ya kama ayarin jiragen azurfar Sifen a gaɓar Kyuba a 1628, da wannan kuɗin aka shirya sabon hari aka ci Olinda da Resife a yankin Fernambuko a 1630. Daga 1637 zuwa 1644 Johan Maurits ne gwamna, ya gina gari da gadoji ya kawo masu zane da masana, ya kuma bar Katolika da Yahudawa su yi addininsu gwargwado.

Ana yawan yabonsa kan wannan amma shi ɗin ne ya tura jiragen da suka ci Elmina da Luwanda ta Angola, saboda ya gane rake ba ya nomuwa ba bayi, kuma bayin daga Afirka suke zuwa. Anan ne Holan ta shiga cinikin bayi gadan-gadan.

Ba an ce Fotugal ta rabu da Sifen a 1640 ba, me ya sa yaƙin bai tsaya ba?

Eh, ranar 1 ga Disamba 1640 'yan Fotugal suka yi juyin mulki suka naɗa Juwan na huɗu, ka ga yanzu su da Holan maƙiyinsu ɗaya kenan. An sa hannu kan tsagaita wuta na shekara goma a birnin Heg na Holan a Yunin 1641. Amma kafin takardar ta fara aiki a wurare masu nisa 'yan Holan sukai sauri suka kama Luwanda a Agustan shekarar, suka ƙara da tsibirin Sawo Tome da Maranyawo ta Burazil. Sai aka shiga wani yanayi, a Turai ana zaman lafiya har jiragen Holan na zuwa sayen gishiri a Setubal ta Fotugal, a Angola da Burazil da Silon kuma ana kashe juna. Kamfanonin riba suke bi, abin da aka sa wa hannu a Heg bai dame su ba.

Ya akai Fotugal ta dawo da Angola da Burazil bayan ta yi rauni haka?

Gaskiya ba Lisbon ce ta yi aikin ba, mazauna Burazil ne. Masu gonakin rake na Fernambuko bashin WIC ya yi musu katutu, da Maurits ya tafi aka fara matsa musu su biya sai suka yi tawaye a 1645. Rundunarsu haɗin gambiza ce, akwai Fernandes Vieira mai gonaki, akwai Henrique Dias da ke jagorantar baƙaƙen fata, akwai Filipe Kamarawo da mayaƙan 'yan asalin ƙasar, sun san daji sun san fadama, suka doke sojan Holan sau biyu a tsaunukan Guwararapes a 1648 da 1649.

A Angola kuma Sarauniya Nzinga ta Ndongo da Matamba, wadda ta daɗe tana yaƙi da Fotugal, ta haɗa kai da 'yan Holan, Sarki Garsiya na biyu na Kongo ma haka, har suka kusa gamawa da 'yan Fotugal da suka maƙale a cikin ƙasa a Masangano. Sai Salvador de Sa ya taso daga Riyo de Janero a 1648 da jiragen da masu arzikin garin suka taimaka da kuɗinsu, ya karɓe Luwanda, 'yan Holan suka tattara suka tafi suka bar Nzinga ita kaɗai. Ba ƙaunar Angola ce ta sa mutanen Riyo suka zuba kuɗi ba, bayi suke so su ci gaba da zuwa.

Da Luwanda ta tafi, ga tawaye, ga kuma Holan ta shiga yaƙi da Ingila a 1652 ba ta da jiragen turowa, Resife ta miƙa wuya a Janairun 1654.

A ƙarshe wa ya yi nasara?

Raba ta akai. Holan ta ɗauke Asiya da gaɓar zinare ta Ghana, Fotugal ta riƙe Burazil, Angola da Mozambik. Yarjejeniyar Heg ta 1661 ta sa Fotugal biyan diyyar kuruzado (kuɗin Fotugal) miliyan 4 dan Holan ta haƙura da Burazil, kuma ko a nan VOC ta yi amfani da jinkirin tabbatar da takardar ta ci Kocin. A shekarar 1661 ɗin dai Fotugal ta ƙulla yarjejeniyar aurar da gimbiya Katarina ga Sarki Cals na biyu na Ingila (aka ɗaura auren a 1662) ta haɗa masa da Bombay da Tanja dan ta samu mai kare ta, wanda hakan ya ƙara buɗe wa Ingila ƙofar Indiya.

A lokacin kowa gani yake Holan ce ta ci riba. Sai dai farashin kayan yaji ya yi ta faɗuwa, WIC ta karye a 1674 aka sake kafa ta, VOC ta mutu a 1799, ita kuwa Burazil aka gano zinare a Minas Jerais a shekarun 1690. 'Yan guntayen da suka rage wa Fotugal a gabas sun daɗe, Gowa har 1961, Timor ta gabas har 1975, Makawo har 1999.

Akwai abin da ya shafe mu a ciki?

Kai tsaye a lokacin yaƙin babu, Kano da Katsina fuskarsu na kallon Sahara ne, ba ruwansu da wanda ke riƙe da Elmina. Amma abin da yaƙin ya bari ya iso mu daga baya. Atamfar Holan da ake sa wa a lefe, asalin fasahar rinin ta batik ce ta mutanen Java, inda Holan ta kafu tun zamanin Coen, masana'antun Holan suka kwaikwaya da inji a ƙarni na 19 kasuwarta ta buɗe a yammacin Afirka.

Ɗayan kuma mai nauyi ne. Tunda Burazil ta zauna a hannun Fotugal, 'yan kasuwar Bahiya, yankin da Salvador take, suka ci gaba da zuwa gaɓar da ke gabas da Elmina sayen bayi da taba, kuma dole su fara tsayawa a Elmina su ba 'yan Holan kashi goma cikin ɗari na tabar kafin a bar su su wuce Wida (a Jamhuriyar Benin ta yanzu) da sauran tashoshi. Wato maƙiyan jiya sun daidaita kan yadda za a raba kuɗin. Ta wannan hanyar ce, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa shekarun yaƙe-yaƙen jihadi, aka riƙa gangaro da Hausawa ta ƙasar Yarbawa ana lodinsu a Wida da Legas zuwa Bahiya. Yawansu ya kai har hukumomin Salvador suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, aka sake yin wasu a 1809 da 1814, sannan a 1835 Musulmin garin, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa a ciki, suka yi babban tawayen da ake kira na Male a cikin watan azumi, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.